Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Tauraron Ɗan Adam Da Awon Danshin Ƙasa



Abin da za mu yi magana a kansa yau shi ne danshin ƙasa: yadda ake auna shi daga sararin samaniya, da kuma yadda ake gane ko awon nan na gaskiya ne. Wataƙila wani ya ce wannan sha'anin ɗaliban aikin gona ne su kaɗai. To, amma da yawa daga cikinmu gobe za su zauna a ofisoshin gwamnati, a ajiye musu taswira mai launi-launi a kan tebur, a ce su sa hannu a kan cewa gunduma kaza tana cikin fari, gunduma kaza kuwa lafiya lau take. Rabon hatsin agaji da irin shuka da rancen manoma duk suna iya bin bayan wannan sa hannu. Saboda haka ya kamata mu san daga ina taswirar ta fito, kuma wa ya tabbatar da ita.

Kowa a ɗakin nan ya san cewa abin da ke raya gero shi ne ruwan da ƙasa ta riƙe, ko da kuwa nawa ne ya sauko daga sama. Shi ya sa idan aka yi ruwan fari, manomi ba ya ɗaukar sungumi sai ya tona da hannu ya ga iyakar inda laima ta kai. In ta yi zurfi ya yi shuka, in ba ta yi ba ya dakata, domin ya san ruwan yaudara yana tsirar da iri sa'an nan rana ta ƙone shi. Wannan awo na hannu daidai yake, sai dai gona ɗaya yake aunawa. Farin 1973 da na 1984 sun koya wa hukumomi cewa suna bukatar sanin halin da ƙasar noma take ciki daga Sanagal har zuwa Cadi a lokaci guda, tun kafin rumbuna su ƙare. Bayan wancan fari na farko ne aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, domin lura da yanayi da ruwa da amfanin gona a ƙasashen Sahel.

Yadda tauraro ke ganin danshi

Kowane abu da ke bayan ƙasa yana fitar da wasu raunanan igiyoyi irin na rediyo, gwargwadon zafinsa da kuma irin jikinsa. Busasshiyar ƙasa tana fitar da su da yawa, jiƙaƙƙiya kuwa kaɗan. Dalili shi ne ruwa ya sha bamban da turɓaya wajen yadda yake karɓar ƙarfin lantarki: a ma'aunin da masana ke amfani da shi, iska tana da lamba 1, busasshiyar ƙasa 3 zuwa 5, ruwa kuwa kimanin 80. Don haka ɗan ruwa kaɗan in ya shiga ƙasa sai ya sauya abin da take fitarwa ƙwarai. Tauraron ɗan adam yana saurarar waɗannan igiyoyi, musamman masu zango na santimita 21, waɗanda ke ratsa gajimare da ganyayen da ba su yi duhu ba, dare da rana.

Taurari biyu aka ƙera musamman domin wannan aiki. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba SMOS a watan Nuwamba 2009, ita kuma NASA ta Amurka ta harba SMAP a ƙarshen Janairu 2015, yana kewaya duniya a nisan kilomita 685 daga ƙasa. Akwai kuma wata hanya ta biyu, watau rada: na'ura ta jefo igiya ƙasa, ta auna abin da ya dawo mata, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya mayar da igiya. Irin wannan ce ASCAT, wadda aka fara harbawa a kan tauraron MetOp a 2006. Shi ma SMAP an haɗa masa rada, amma ta lalace a watan Yuli 2015, aka ci gaba da na'urar saurare ita kaɗai.

A nan ya kamata mu lura da abu guda. Tauraron nan bai taɓa auna ruwa ba. Igiya yake aunawa. Kafin a juya ƙarfin igiya ya zama adadin danshi, sai an san zafin ƙasar a wannan sa'a, da yawan tsirran da suka rufe ta, da kaushin fuskarta, da yawan yumɓun da ke cikinta. Galibin waɗannan ƙiyasta su ake yi daga taswirori da lissafin kwamfuta. Shi ya sa ma aka tsara taurarin biyu su riƙa wucewa da misalin ƙarfe 6 na safe da 6 na yamma, aka kuma fi dogara da awon asuba, lokacin da zafin ƙasa da na ganye suka kusa zama ɗaya. Ke nan lambar da ke kan taswira ƙiyasi ce da aka gina bisa wasu ƙiyasce-ƙiyasce. A kotun alƙali ba a karɓar maganar mai shaida sai an yi masa tazkiyya, watau adalai sun tabbatar da cewa shi mai gaskiya ne. Tauraro ma haka: sai an yi masa tazkiyya.

Awon ƙasa da wahalarsa

Awon da ake mayar da kowane awo gare shi mai sauƙi ne ƙwarai. Ana kafa wani zoben ƙarfe da aka san girman cikinsa, a ciro ƙasa, a auna nauyinta tana da laima, a sa ta a tanda mai zafin digiri 105 har awa 24, a sāke aunawa. Abin da ya ragu na nauyi shi ne ruwa. Alal misali, in cikin zoben santimita 100 ne na awon ciki, ƙasar ta yi giram 168 da laima, ta koma 158 bayan ta bushe, to, danshinta kashi 10 ne cikin 100, tun da giram ɗaya na ruwa santimita ɗaya yake cikawa. Amma ba mai iya yin wannan kowace sa'a shekara da shekaru. Don haka ake binne ƙananan na'urorin lantarki a zurfin santimita 5, da 10, da 50, har zuwa mita ɗaya ko fiye, su riƙa rubuta awo da kansu.

Su ma na'urorin nan suna bukatar a daidaita su da awon tanda a kowace irin ƙasa, domin wadda ta yi daidai a jigawa tana iya karkacewa a laka. A ƙasar firƙi ta Barno, inda ake dasa masakwa, ƙasa takan tsattsage da rani, sai iska ta shiga tsakanin na'ura da ƙasa, awo ya nuna bushewar da ta wuce ta gaskiya. Ga gara, ga ɓeraye, ga awaki masu tauna waya. Daɗin daɗawa, na'urar da aka binne a santimita 5 ba daidai wurin da tauraro ke ji take ji ba, domin shi daga fatar ƙasa yake farawa, kuma in ƙasa ta jiƙe sosai ba ya kai ko santimita 5 ɗin.

Babbar matsalar kuwa ita ce ta faɗi. Taswirar SMAP ta asali ta kasa duniya gurbi-gurbi kamar filin dara, kowane gurbi kilomita 36 tsawo da 36 faɗi. Wannan ya kama murabba'in kilomita 1,296, watau hekta 129,600, kuma lamba ɗaya tak ake ba shi. Ita kuwa na'urar da aka binne, abin da take aunawa bai fi cikin ƙwaryar sha ba. Cikin gurbi ɗaya a ƙasar Hausa akwai tudu da fadama, akwai fako da saura da gonar da aka huɗe, akwai gari da kududdufai. Kuma duk wanda ya tashi a karkara ya san hadarin damina: ya taso daga gabas, ya zubar a wannan ƙauye har rafi ya kawo, maƙwabtansu kuwa ko ɗigo. In an ga lambar tauraro ta saɓa da ta na'ura guda, ba a isa a ce tauraro ne ya yi kuskure ba. Mai yiwuwa ne kowannensu ya faɗi gaskiyar abin da ya gani.

Maganin wannan shi ne a baza na'urori da yawa cikin gurbi ɗaya, a kan kowace irin ƙasa gwargwadon faɗinta, a ɗauki matsakaicinsu. Bincike tun daga 1985 ya nuna kuma cewa a kowane yanki akwai wasu wurare da danshinsu ke bin matsakaicin yankin kullum, damina da rani. In an gano su, na'urori kaɗan sun wadatar. Akwai kuma wata na'ura ta zamani da ake kafawa a bisa ƙasa, tana ƙirga wasu ƙwayoyin zarra da hasken sararin samaniya ke haifarwa, waɗanda ruwa ke rage yawansu. Ita tana auna fili mai faɗin hekta da dama a lokaci guda.

Kuskure iri biyu

Idan an jera awon sama da na ƙasa na kwanaki masu yawa, me ake dubawa? Mu ɗauki misalin kasuwar hatsi. Akwai mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki: kullum yana tauye mai saye, amma da adadi ɗaya. In ka gane shi, ka san abin da za ka ƙara. Akwai kuma mai awon da mudunsa lafiya lau, sai dai hannunsa ba ya tsayawa: yau ya tula, gobe ya shafe. Wannan ya fi wuyar sha'ani.

A ce na'urorin ƙasa sun ba da kashi 6, da 12, da 8, da 4 a kwana huɗu. Tauraro na farko ya ba da 9, da 15, da 11, da 7. Ya ɗara da 3 kowace rana, amma hawa da saukarsa daidai suke da na ƙasa, don haka gyaransa cire 3 ne kawai. Tauraro na biyu ya ba da 9, da 9, da 11, da 1. In an haɗa ɗarawarsa da gazawarsa sai su kashe juna, a ga kamar ba shi da aibi, alhali kuwa bai gane ranar da aka yi ruwa ba. Saboda haka masana ke raba su: su auna karkata dabam, su auna warwatsuwar da ta rage bayan an cire karkata dabam, sa'an nan su duba yadda hawa da sauka suke tafiya tare.

Sharaɗin da aka gindaya wa SMAP shi ne kada wannan warwatsuwa ta wuce kashi 4 cikin 100 a santimita 5 na sama, ban da wuraren duhun daji da ƙanƙara da duwatsu da birane. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ya cika sharaɗin a manyan tashoshin gwaji, irin su Little Washita a Amurka, da Yanco a Ostareliya, da na Sifen da Holan da Danmak. Wannan nasara ce ta gaske. Amma mu auna kashi 4 ɗin nan da ƙasarmu. Laka tana riƙe kashi 35 zuwa 40, don haka kuskuren kashi 4 a wurinta kaɗan ne. Rairayin jigawa kuwa, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa, abin da yake riƙewa bai cika wuce kashi 10 ba. A irin wannan ƙasa kashi 4 ya kusa rabin dukan abin da ake magana a kai, kuma shi ne tazarar da ke tsakanin ƙasar da za a yi shuka da wadda iri zai mutu a cikinta. Tauraro yana iya cin jarrabawar duniya, amma bai gamsar da manomin Daura ko na Maraɗi ba.

Shaidu uku

Tun da tashoshin ƙasa ba su kai ko'ina ba, akan kawo mai shaida na uku, watau lissafin kwamfuta mai kwaikwayon tafiyar ruwa. Aikinsa kamar littafin shiga da fita na ɗan kasuwa ne: ruwan sama ya shigo, wani ya gudu zuwa rafi, wani ya nutse, wani rana ta ɗauke, wani tsiro ya sha, abin da ya saura shi ne danshi. Irin wannan ne ERA5-Land na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, da GLDAS na Amurka. Amfaninsa babba ne, domin yana ba da lamba a ranakun da tauraro bai wuce ba, kuma yana kaiwa zurfin saiwa, inda tauraro ba ya ji ko kaɗan, alhali saiwar gero tana wuce mita ɗaya. Rauninsa kuwa shi ne in aka ba shi ruwan sama na kuskure, lissafinsa duka ya karkace. Kuma galibi bai san da noman rani ba: a watan Fabrairu zai ce Kadawa a bushe take ƙayau, ga kuwa ruwan Tiga yana kwance a gonakin alkama.

A 1998 wani masani ɗan ƙasar Holan, Ad Stoffelen, ya fito da wata dabara domin awon iskar teku, wadda aka fara amfani da ita ga danshin ƙasa a 2008. Ga yadda take. In akwai shaidu uku a kan abu ɗaya, kowanne yana da nasa kuskure, kuma ba su haɗa baki ba, to, in aka gwama maganarsu biyu-biyu a kan ɗaruruwan kwanaki, lissafi zai fitar da girman warwatsuwar kowannensu, ko da ba wanda ya san ainihin gaskiya. Wanda ya cika saɓa wa sauran biyun, shi ne mai yawan kuskure. Shi ya sa akan haɗa na'urar saurare da rada da lissafin kwamfuta, tun da hanyoyinsu dabam-dabam ne.

Amma sharaɗin rashin haɗa baki yana da wuyar cika. Mun riga mun faɗa cewa zafin ƙasar da ake sa wa awon tauraro daga lissafin kwamfuta yake fitowa, kuma sau da yawa taswirar irin ƙasa guda ce kowa ke amfani da ita. In shaidu biyu daga bakin mutum ɗaya suka ji labari, ai shaida ɗaya ce. Bugu da ƙari, dabarar ba ta ganin karkata: in duka ukun sun ɗara da kashi 5, za ta ce lafiya. Wannan sai zobe da tanda.

Abin da aka gani a Sahel

Yankinmu ba baƙo ba ne a wannan bincike. A 1992 an yi babban gwajin HAPEX-Sahel a gabashin Yamai, inda aka haɗa awon ƙasa da na jiragen sama da na taurari. Daga baya shirin AMMA-CATCH ya kafa tashoshi a wurare uku da suka bi tsanin ruwan sama: Gurma ta Mali, inda ruwan shekara bai kai milimita 400 ba, Wankama da Banizumbu a Nijar, masu samun tsakanin 500 da 600, da kwarin Weme na sama a arewacin Binin, mai kimanin 1,200. Gwajin da aka yi da su ya nuna taurari suna kama faɗuwar damina da tashin danshi bayan kowane babban ruwa sosai, kuma awon SMOS ya fi dacewa da na ƙasa a Mali da Nijar, inda tsirrai ba su da duhu, fiye da Binin mai itatuwa.

An kuma gano wasu tarkuna. A busasshen rairayi igiyar rada takan nutse ta bugi duwatsu ko tsakuwar da ke ƙarƙashi ta dawo da ƙarfi, sai taswira ta nuna laima a tsakiyar rani. Ruwan da ke kwance a fili, irin na dausayin Haɗeja da Nguru, yana sa na'urar saurare ta ɗauka dukan gurbin ya jiƙe in ba a cire shi daga lissafi ba. Fatar jigawa kuma tana bushewa cikin yini ɗaya ko biyu, tauraro kuwa sai bayan kwana 2 ko 3 yake dawowa, don haka ƙaramin ruwa yana iya wuce shi. Ba a gane ko ɗaya daga cikin waɗannan daga sama ba. Sai da aka sami wanda ya san wurin ya ce lambar nan ba ta yi kama da abin da ke ƙasa ba.

Abin da ya rage gare mu

Akwai wani rumbun ajiyar awon danshi na duniya, ISMN, wanda aka fara a Biyana a 2009. Ya zuwa 2021 yana ɗauke da tashoshi fiye da 2,800, amma mafi yawansu a Amurka da Turai suke, na Afirka kuwa 'yan ƙalilan ne. Rikicin arewacin Mali da ya ɓarke a 2012 ya ƙara kawo cikas ga aikin Gurma. Ma'anar wannan ita ce, ƙa'idodin da ake juya igiya da su zuwa danshi an fi gwada su a ƙasar wasu, sa'an nan a shimfiɗa su a kan tamu.

Harba tauraro irin SMAP sai manyan ƙasashe masu dukiya, kuma awonsa kyauta suke bayarwa ga duk mai intanet. Amma tazkiyyarsa ba ta fi ƙarfinmu ba. Zoben ƙarfe, da sikeli mai kyau, da tanda, da littafin rubutu, akwai su a ɗakunan gwaji na jami'o'inmu. Cibiyoyi irin su ta binciken aikin gona da ke Samaru, da ta Tafkin Cadi da ke Maiduguri, da INRAN ta Nijar, da hukumomin raya kogunan Haɗeja-Jama'are da Sakkwato-Rima, suna da filaye da ma'aikata a kan kusan kowace irin ƙasa da muke nomawa. Abin da aikin ke bukata shi ne naci: awo da ƙarfe 6 na safe, a wuri ɗaya, a zurfi ɗaya, damina da rani, shekara bayan shekara, a rubuta shi da gaskiya, a kuma buɗe shi ga kowa. Ɗalibin da ya yi wannan na damina biyu a gundumarsu ya yi aikin da masana na ko'ina a duniya za su nema.

Ga 'yan'uwanmu da suka riga mu shiga aikin gwamnati kuwa, muna roƙon in an kawo muku irin taswirar nan ku yi amfani da ita, domin tana ganin abin da ba mai iya zagayawa ya gani. Amma ku tambaya: wane tauraro ne, nawa ne faɗin gurbinsa, wane zurfi yake nufi, kuma a wace tasha mafi kusa aka gwada shi da awon ƙasa? In taswira ta ce akwai laima, malamin gona da dagaci suka ce shuka tana ƙonewa, kada a sa hannu sai an tura wanda zai tona. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da fari da ambaliya, ya sa ilmin da muke nema ya amfani iyayenmu manoma.